Hannun da Na Zura a Ramin Shaga

Tun da na dawo daga Sudan shagona ya koma majalisa. Mutum zai shigo da wando a hannu wai a rage masa ƙafa, sai ya ja benci ya zauna ya ce, "To Ɗanjuma, yaya tekun?" Saja Markus kuwa, tsohon sojan nan maƙwabcina da ya ishe mu da labarin Laberiya, kullum sai ya leƙo ko zai kama ni da ƙarya. Na gaji da yanka labarin nan guntu-guntu kamar ragowar yadi. Ga shi nan ɗungurungum, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda in ci gaba da ɗinkina.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, Inna ce ta aike ni. Yayana Bawa ya bar Zuru shekara talatin da 'yan kai, da niyyar zuwa aikin hajji ta ƙasa, lokacin ko gemu ban fara ba. Bayan shekara uku wasiƙarsa ta iso, ya ce ya sauke farali, ya tsallako ya zauna a Bur Sudan, bakin teku, yana sana'ar su. Daga ranar duk unguwa Alhaji Bawa ake ce masa, Inna kuma ta zama uwar Alhaji. Da waya ta shigo muna gaisawa daga salla sai salla, kuma maganarsa ɗaya ce, badi in Allah ya kai mu. Bara ƙafafun Inna suka ƙi, ko ƙofar gida ta daina fita. Wata safiya na je gaishe ta, ta ce, "Ɗanjuma, badin yayanka ba ta zuwa. Tafi ka taho mini da shi tun ina gane mutane."

Na ce to. Wata huɗu na yi ina zirga-zirgar fasfo da biza da katin allurar shawara. Ranar tafiya Inna ta sa aka ɗaure mini ƙunshi: garin jar dawa, kuka, yaji, da daddawa cike da gwangwani. Na ce, "Inna, jirgi fa zan shiga." Ta ce jirgin ma ai mutane ne a ciki, kuma duk mutum yana shan miya.

Daga tashar Zuru muka bi ta Daki Takwas muka nufi Gusau, mu huɗu a baya, da wata mata mai talotalo biyu a kwando. Ɗaya daga cikinsu ya ɗauke ni abokin gaba, duk ramin da mota ta faɗa sai ya sari gwiwata. Kafin Funtuwa taya ta fashe, muka yi awa biyu a gindin wata ɗorawa muna cin rake. Na kwana Kano wurin wani ɗan garinmu mai sayar da kayan babur, kashegari ya raka ni filin jirgi. Ba zan ɓoye ba, da jirgin ya ɗaga, cinyar mutumin da ke kusa da ni na damƙe. Bakano ne, ɗan kasuwa, ya dube ni ya ce, "Malam, in ka gama da ita ka maido mini, da ita zan sauka."

A Hartum aka tsare ni. Wani matashin jami'i ya buɗe jakata, ya ɓalle murfin gwangwanin Inna, nan take ya ja da baya yana toshe hanci, ya kira 'yan uwansa. Suna ta Larabci, ni kuwa Larabcina bai wuce na salla ba. Ina nuna baki da hannu alamar abinci ne, su kuma kamar suna cewa ba mai rai da zai ci wannan. Gumi ya gama jiƙa mini riga sai ga wani dattijo a cikinsu, mai tabarau, ya leƙa, ya shinshina, ya yi murmushi. Da Hausa tsaf ya ce mini, "Daddawa ce. Kakata da ita take mana miya, Allah ya jiƙanta." Ya ɗauki guda biyu ya naɗe a takarda ya sa a aljihu, ya buga mini hatimi. Wannan ne kawai harajin da na biya, kuma ban ji ciwonsa ba.

Motar Bur Sudan babba ce, yini guda cur ana tafiya, ga sanyin na'ura kamar an sa mutum a firji, alhali a waje ƙasa tana tafasa. Inda aka tsaya cin abinci aka kawo wake dafaffe a faranti ɗaya, an dame shi da man riɗi, ana dangwala da burodi. Mutanen da ban taɓa gani ba suka jawo ni cikin da'irarsu ba tare da sun tambayi sunana ba. A nan gida mukan ce bismilla mu ci gaba da cinmu, su kuwa in ba ka zauna ba faɗa ne. Gab da la'asar muka shiga duwatsu, sai na tuna namu na Zuru, sai dai nasu ƙwal suke, ko ciyawar da akuya za ta lasa babu.

A tasha na tsaya ina neman Yaya yadda na san shi, ƙaton nan mai faɗin ƙirji da ke ka da samari a dandalin kokawa. Wanda ya dafa kafaɗata wani siririn tsoho ne cikin farar jallabiya, rana ta ƙone shi. Ya ƙare mini kallo ya ce, "Ɗanjuma, wa ya ba ka izinin yin furfura?" Muryar ce ba ta canja ba. Na yi niyyar in yi ta maza, amma ina, a gaban direbobi da 'yan dako na fashe da kuka.

Gidansa na katako ne, a unguwar da 'yan ƙasarmu suka yi yawa, jikokin mahajjatan da hanya ta ajiye. A tsakar gida ake kwana, kan gadon igiya. Ruwan sha kuwa a amalanken jaki ake kawo shi, ga teku shimfiɗe a gabanka ba ka isa ka kurɓa ba. Matarsa ta rasu da daɗewa, 'yarsa ce ke riƙe da gidan. Sunan Inna ya sa mata, shi ya sa yake ce mata Ummi. Hausarta rabi Larabci ce, in ta ce mini "Baffa, tamam?", wato lafiya lau, sai in ce tamam, ko da gahawar nan tasu mai citta tana ƙona mini harshe. Ranar farko ta tuƙa garin dawar ya yi ruwa-ruwa irin nasu. Yaya ya karɓe muciyar daga hannunta ya ɗaure zani a ƙugu, ya tuƙa da kansa, ya kaɗa kuka da daddawa. Ya ci, idonsa yana ruwa. Ya ce yajin Inna ne har yanzu ba ya wasa.

A ranar na isar da saƙo. Ya ce, "Ka huta tukuna." Kashegari na sake, ya tuna akwai ƙugiyoyin da bai ɗaura ba. Rana ta uku ya ce iska ta yi kyau, mu fita teku. Na kuma lura ba wanda ke ce masa Alhaji a unguwar, Bawa mai kifi kawai suke cewa. Na ɗauka don suna kusa da Makka ne sunan ya yi musu araha.

Saja Markus ya ce teku ruwa ne kawai mai yawa. To shi daga kan jirgin soja ya gan shi. Yaya yana da wani bokiti da aka cire gindinsa aka sa gilashi, in ka danna shi a kan ruwa sai ka ga ƙasa tar. Abin da ke ƙasan shi ne dutsen murjani, dangin wanda mata ke ɗaurawa a wuya, amma wannan gari ne guda, kuma Yaya ya ce rai gare shi, girma yake yi. Ya fi kama da suri, ko'ina ƙofa, ko'ina lungu, kifaye masu launin atamfa suna shiga suna fita.

Ya tuƙa kwalekwalen zuwa wani wuri da ya sani, ya ce, "Leƙa ka gaida Tsohuwa." Na leƙa. Wani kai ne ya fito daga rami, kaurinsa ya kai cinyata, launin ƙasa da ɗigo-ɗigon baƙi, yana buɗe baki yana rufewa, haƙora kamar allurar keke. Na ce a'uzubillahi, maciji. Ya yi dariya ya ce kifi ne, shaga suke ce mata. Ni dai a idona gaiwa ce da ta samu wuri ta ƙoshi.

"Me ya sa take mana wannan baki?"

"Numfashi take yi. Kowa ya gan ta sai ya ce masifa take nema, alhali in ta rufe bakin nan shaƙewa za ta yi."

Ya ce ya fi shekara goma yana samunta a wannan ramin. Ba ta da ɓawo irin na sauran kifi, fata ce mai yauƙi, shi ya sa kaifin dutsen ba ya yankarta. Idonta ba ya gani sosai, da hanci take farauta, kuma yini take yi a ciki sai duhu ya yi ta fita kiwo. Muna kallo wani ɗan kifi mai zane shuɗi, bai fi yatsana ba, ya zo ya shige bakinta. Na ce shi ke nan, ya kai kansa. Sai ga shi yana bin haƙoran ɗaya bayan ɗaya yana tsince abin da ya maƙale, ya fito ta gefe abinsa. Yaya ya ce wanzaminta ne, kuma ba a cin wanzami. Na tambaya ko ana cin ita shagar. Ya ce manyan ba a ci, namansu yakan sa mutum ciwo, ƙananan ma sai wanda ya rasa.

Yanzu ga inda na yi abin kunya. Sai na koma baya kaɗan kafin ku gane. Muna yara, in rani ya yi rafin bayan unguwarmu ya tsinke ya koma gurbi-gurbi, Yaya ne a gaba ina biye da ƙwarya. Shi ya koya mini lalube. Ka durƙusa cikin ruwa, ka zura hannu a kogon gaɓa har kafaɗa, in ka ji santsi ka danne kan, ka kiyayi ƙayar tarwaɗa. Duk yaron da ya tashi a wajenmu ya san wannan. Mu a wurinmu rami a cikin ruwa abinci ne. Mukan dawo da laka har kunne, Inna ta yi faɗa ta gama, sannan ta karɓi ƙwaryar ta ɗora tukunya. Ban taɓa jin daɗin duniya kamar na waɗannan ranaku ba.

Rana ta biyar muka tsaya a wani wuri marar zurfi, ruwa iya ƙugu. Ni na yanyanka ƙananan kifin da ake sawa a ƙugiya, hannuna duk ƙarni. Yaya yana fama da igiya ya ba ni baya, na sauka in ɗan jiƙa jiki. Sai ga wani kifi mai ƙiba ya wuce ta gaban gwiwata ya shige wani rami. Wallahi ban yi shawara da kaina ba. Hannun ne ya tuna abin da aka koya masa, ya riga hankalina isa.

Abin da na ji kamar an datse mini hannu da ƙofar mota. Na ƙwala ihu. Yaya ya juyo ya ce, "Kada ka ja! Tsaya cak, za ta saki." Wa zai tsaya? Na fizge da iya ƙarfina. Ashe shaga ce a ramin, haƙoranta kuwa baya suke kallo, in ka ja kai ne kake yanka kanka. Ba ma babba ba ce, ba ta fi damtsena ba, ta saki ta koma raminta, ni kuwa tafin hannuna ya dare daga gindin babban yatsa, ruwan gishiri yana shiga. Hannun dama, hannun almakashi.

Yaya ya jawo ni cikin kwalekwale, ya warware rawaninsa ya ɗaure hannun tam, ya ɗaga shi sama. "Ba laifinta ba ne," in ji shi, "ƙarnin kifi ta ji. Ba laifinka ba ne kuma. Ni na koya maka, kuma ni na manta ban ce maka nan ba rafinmu ba ne."

Zafi ya sa bakina ya ɓalle. Na ce, "Ai dama mantuwa sana'arka ce. Ka manta da rafin, ka manta da uwar da ta haife ka. Tsohuwa tana kwance tana ƙirga kwana, kai kana nan kana gaida kifi. Alhajin banza Alhajin wofi." Ban taɓa yi wa Yaya magana irin wannan ba, kuma har gobe ina jin nauyinta.

Ya tayar da inji, muka kama hanyar gaɓa. Can ya nuna gabas da haɓa ya ce, "Jidda tana can. Ban taɓa taka ta ba."

Na ce, "Me ka ce?"

"Sau biyu na shiga jirgin masu tsallakar da mutane a ɓoye, sau biyu ana maido mu. Shekara uku ina abu ɗaya. Na tuna yadda aka raka ni tasha, har da masu kuka, sai na kasa rubuta cewa ban je ba. Na rubuta ƙarya, da nufin badi in je in mai da ita gaskiya. Sai aure, sai haihuwa, sai jinya. Ga badin nan har yau."

Raina ya ɓaci, sannan tausayi ya zo ya danne ɓacin ran. Na ce ya zo haka nan, wa ya damu. Ya ce, "Da wane ido? In sauka a ce Alhaji ya dawo, a taru a ce in sa albarka, in ba da labarin Arfa? Ko in tsaya gaban Inna in ce sunan da take amsawa shekara talatin na bogi ne? Gara ta tafi tana uwar Alhaji."

A wani ƙaramin asibiti aka wanke ciwon aka yi mini ɗinki tara da allurai. Likitan mutumin kirki ne, amma da a shagona aka yi wannan ɗinki da na sa an farke. Daga ranar ban sake tayar da maganar tafiya ba. Na riga na ga abin da ja yake jawowa.

Sauran kwana goman su ne nake kewa. Ba ni da ikon taɓa ruwa, sai in zauna a kwalekwale da hannu a rataye, bokitin gilashi a gabana, Yaya yana jefa ƙugiya muna hirar mutanen da. Ya tambayi wane, in ce ya rasu. Wance fa, in ce tana Kontagora wurin jikoki. Wata safiya ya taɓa ni ya ce in duba. Wani jan kifi babba, najil suke ce masa, ya zo ƙofar Tsohuwa ya tsaya yana kaɗa kai da sauri, kamar mai sallama yana gaggawa. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta sulalo. A ranar na ga tsawonta, ta fi ni. Suka jera tare, shi a sama ita tana bin lunguna. Yaya ya ce gayya ce: kifin da ya ɓuya a rami ita ke koro shi, wanda ya fito fili na najil ne, wanda ya tsaya ciki nata ne, ba rabo ba rigima. Ya ce wata Baturiya mai nutso da ya taɓa ɗauka ta gaya masa shaga tana da wani muƙamuƙi na biyu a maƙogwaro, da ke fitowa ya ja abinci ciki. Na ce a bar maganar nan haka, hannuna yana ji.

Baturiyar ce kuma ta gaya masa 'ya'yan shaga ba a dutsen suke tashi ba. Suna ƙanana kamar ganye suke, garau kamar gilashi, ruwa ya yi ta yawo da su wata da watanni, sai inda ya yar da su. "Ka ga Tsohuwa," in ji Yaya, "ba a nan aka haife ta ba. Wuri ta samu daidai jikinta ta shige." Ya ci gaba da naɗe igiyarsa.

Ranar da zan taho Ummi ta ba ni turaren wuta da lalle in kai wa mai sunanta. Yaya ya raka ni tasha, ya riƙe hannuna mai lafiya ya ce, "Ka ce mata takardu ne suka riƙe ni." Na ce to. Tun daga Bur Sudan har Gusau ina gyara wannan ƙarya ina goge ta, har ta yi kyau.

Na iso Zuru da hantsi, ko gidana ban biya ba. Inna tana zaune a kan tabarma an jingina ta da bango. Ba ni ta duba ba, bayana ta duba, ta daɗe tana kallon ƙofa. Sannan ta ce, "Mi ya hana shi?"

Na buɗe baki in ce takardu, ƙaryar ta ƙi fita. Na sunkuyar da kai na faɗa mata komai, da jirgin ɓoye, da wasiƙar, da kunyar. Ina jiran salati ko kuka, sai na ji ta yi tsaki.

"Wannan ne? Ɗanjuma, wane alhaji ne zai shekara talatin bai aiko ma uwatai ko cokali ɗaya na zamzam ba? Tun ba a je ko'ina ba na sani. Na bar mutane suna faɗi ne don in rufa mishi asiri." Ta murza yatsunta. "Ashe rufin da na yi ne ya hana shi hanya. Kira mini shi. Ka ce ni ba Alhaji na haifa ba, Bawa na haifa, kuma shi nike jira."

A gabanta na kira. Na maimaita masa maganarta yadda ta faɗa, ban rage ko ɗaya ba. Na duba wayar ko ta katse. Ina jin iska da ƙarar ruwa a bayansa. Can ya yi gyaran murya.

"Ɗanjuma," ya ce, "in mutum ya sauka a tasha, ta wane lungu ake bi yanzu zuwa gidanmu?"